Kanumfarin Ranar Asibiti

A Boyekai, in ana maganar albasa, sai an sako sunan Malam Abdulƙadiri. Ba wai ya fi kowa faɗin fadama ba ne, a'a, ƙafa ce da shi mai sanin ƙasa. Zai shiga fangalin albasa ba takalmi, ya taka nan ya taka can, ya ce ruwa ya isa ko da saura, kuma yadda ya faɗa haka take kasancewa. In manoma suka kaure da rigima kan wanda zai fara jan ruwa, wurinsa ake zuwa, ya zauna ya raba gardama, kowa ya tashi yana yi masa addu'a. Mutum ne mai kwarjini, ba ya ɗaukar raini ko kaɗan, kuma abin da ya fi ƙi a duniya shi ne a ga kasawarsa.

Matarsa Kulu kuwa tana riƙe da wani abu da take ganin ita kaɗai ta san shi. Ya fara ne da ɗigon jini a kan matashi, wanda take gani da safe in ta zo gyaran shimfiɗa. Daga baya ta lura in ya yi dariya dasashinsa ya kumbura ya yi jajir, ya janye daga jikin haƙora, har haƙoran suka yi kamar sun ƙara tsawo. Shi bai damu ba. Mutum ne mai cin goro tun yana saurayi, in ya tofar ja ne, jini ja ne, wa zai tsaya bambancewa? Da abin ya matsa sai ya ce zafi ne ke fita, gara ya fita da ya zauna a jiki. Asuwaki ma ya ajiye shi, don da ya taɓa dasashin sai jini.

Sai kuma wari ya biyo baya. Ba irin na wanda ya tashi daga barci ba, wari ne na abin da ke ruɓewa, mai tsayawa a ɗaki bayan mai shi ya fita.

Wanda bai san irin tarbiyyar da aka yi wa su Kulu ba zai ce, to mene ne a ciki? Ta buɗe baki ta faɗa masa mana! Faɗa da baki ai sauƙi gare shi. Matar da tun ranar da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, har 'ya'yanta suka yi aure suka haihu, ita ce za ta dubi tsabar idonsa ta ce masa bakinka yana wari? Ita a wurinta wannan ba magana ba ce, zagi ne, irin wanda ake yi a bakin rijiya in faɗa ya kai inda ya kai. Abin da ta sani shi ne mace rufin asirin mijinta ce. Don haka ta ɗaura ɗamarar rufewa, kuma ta iya.

Ta sa ana sayo mata kanumfari duk ranar kasuwar Goronyo. Ta daka ta zuba a shayinsa, ta ƙulla wani a ɗan ƙyalle ta jefa a aljihun rigarsa, ta ce yana maganin sanyi. Ya karɓa, har ya zame masa jiki, in zai fita majalisa sai ya jefa biyu a baki. Ta taɓa sa a sayo buroshi da man goge baki ta ajiye kusa da butarsa ba ta ce komai ba. Ya gwada sau ɗaya, ya ga kumfar ta fito ja, ya jefar da shi bayan rumbu, ya ce abin Nasara bai karɓe shi ba.

Duk wannan da sauƙi in ba don ciwon suga ba. An gano masa shi tun kafin bakin ya lalace haka, a wani ƙaramin asibiti da ke Goronyo, kuma wadda ke duba shi ita ce Sista Elisabatu, 'yar kudancin Kaduna ce da aiki ya kawo ta, ta daɗe a nan har tana cewa “mi” maimakon “me”, irin na Sakkwatawa, in ta manta. Ita ta tsara masa abinci. A rage sukari, a rage burodi da farar shinkafa, a yawaita wake da zogale da ganye, a ci nama in an samu. Da farko an bi. Amma duk abin da ta lissafa abin tauna ne, shi kuwa haƙoran tauna sun fara girgiɗa. Zogale ya maƙale masa a dasashi ya wuni yana raɗaɗi. Nama kuwa sai dai ya tsotsa ya ajiye. Wata rana Kulu ta kawo masa dambu, ya kai loma biyu, ya ture kwanon, ya tafi gona da yunwa.

Ranar ba ta iya cin nata ba. Kashegari ta dama masa koko mai laushi. Ya kurɓa ya ɓata rai, ya ce koko ba sukari ai ruwan wanki ne. Ta zuba kaɗan. Ya shanye tas, har ya nemi ƙari, ita kuwa daɗi ya rufe ta, don ta ga mijinta ya ƙoshi. Daga nan abincin Malam ya koma koko da safe, fura mai zaƙi da rana, shayi da burodi jiƙaƙƙe da yamma. Ta san ba haka Sista ta ce ba. Ta kuma san ba za ta iya zuba ido namiji mai wuni a fadama ya kwana da ciki wayam ba, kuma bai taɓa tambayarta dalilin da ya sa ta daina kawo abin tauna ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. Haka suka zauna, kowa yana taya kowa yin shiru.

Lokacin dashen albasa ne ya taka kututturen dawa a bakin fadama. Ɗan ciwo ne a ƙarƙashin babban yatsa, bai ma ji shi ba sai da ya ga jini a ƙasa. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da shiga ruwa. Albasa ta kama, ta yi kore shar, ciwo bai kame ba. Ta fara ƙwai, ciwo ya buɗe baki ya zama gyambo, ƙafar ta kumbura har takalmi ya daina shiga. Da ƙyar ƙanensa Mode ya shawo kansa ya yarda a koma wurin Sista. Ita kuwa ta aiko cewa wannan karon a zo da mai dafa masa abinci.

Kulu ta yi shirin ranar kamar shirin biki. Ta fito masa da riga wankakkiya, ta turara ta. Ta ba shi kanumfari ya tauna tun daga gida, ta ƙara masa wani a mota. Sannan ta ɗauko takunkumin da ya rage tun zamanin korona, wanda ta wanke ta adana don irin wannan rana, ta ce masa asibiti wurin cututtuka ne, gara ya rufe hanci. Ya yaba da hankalinta. Ita kuwa abin da ke ranta ɗaya ne, kada baƙuwa, 'yar wani gari, ta matso kusa da mijinta ta kau da fuska.

Ɗakin Sista ƙarami ne, ƙofarsa labule ne kawai, a bayan labulen kuma benci ne cike da mata, har da wasu daga Boyekai da suka zo awon ciki. Elisabatu ta kwance ƙafar, ta daɗe tana kallo. Ta wanke, ta soki yatsan hannunsa ta auna jini, ta dubi abin awon ta girgiza kai.

“Baba, maganin nan kuna sha kuwa?”

“Ina sha, ɗiyata. Ko kwana guda ban tsallake ba.”

“To sugan ya ƙi sauka, hawa ma yake yi. In bai sauka ba ƙafar nan ba za ta warke ba, kuma ba na son inda ta dosa. Wani lokaci in akwai ciwo a wani wuri a jiki, mai fitar da mugunya, shi ke hana magani aiki. Akwai maruru? Fitsari yana zafi? Haƙori fa, ko dasashi?”

“Lahiyata lau. Ƙahwag ga ɗai ta.”

“Bari dai in duba bakin, Baba. Ku ɗan sauke takunkumin.”

Ya dube ta ta saman ƙyallen da idon nan nasa na raba gardama. “Ƙahwa nik kawo maki, ba baki ba.”

Elisabatu ta yi 'yar dariya ta ba da haƙuri, don ta san tsofaffin ƙasar nan, in ka matsa musu ba ka ƙara ganinsu. Sai ta juya wurin Kulu.

“Mama, ke ce mai tukunya. Yana cin abin da na ce? Babu abin da ke hana shi ci?”

Maganar ta zo wa Kulu har bakin leɓe. Ta ji nauyinta, ta san gaskiya ce ake nema, ta kuma ji a jikinta cewa wannan tambayar ba ta banza ba ce. Amma labulen yana motsi, tana jin muryar matar maƙwabcinsu a bayansa, ga Malam zaune ya miƙe wuya yana jiran ya ji abin da matarsa za ta ce a gaban sa'ar 'yar cikinsa. Ta sunkuyar da kai ta gyara mayafi.

“Shi ya hi ni sanin jikinai, Sista.”

Elisabatu ta ƙara masa magani, ta ɗaure ƙafar, ta ce lallai su wuce Sakkwato a cikin makon nan, kada su yi wasa. Malam ya ce in sha Allahu. A mota ya cire takunkumin ya ce wa Mode babu inda za shi sai an cire albasa an zuba a rudu, wato rumfar da ake adana ta, don in ya bar wa 'yan ƙwadago za su sassare ta. Kulu tana baya tana kallon gonaki suna wucewa. Ranta ba daɗi, amma can ƙasan zuciyarta akwai wani ɗan sanyi, ta fita da mijinta ta dawo da shi ba wanda ya ji komai. Wannan ɗan sanyin shi ne abin da daga baya ta kasa yafe wa kanta.

Albasa ba ta kai rudu da shi ba. Yatsan ya yi baƙi, baƙin ya haura, zazzaɓi ya rufe shi har ya fara kiran sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa. Wata safiya Mode ya kawo mota har ƙofar gida aka ɗauke shi ranga-ranga. Har suka wuce Wurno bai san inda yake ba. Kulu tana riƙe da kansa a cinyarta, kuma ko a wannan halin sai da hannunta ya lalubi aljihunsa, ta tarar ba a saka ƙullin ba, ta ji kunya ta kama ta.

A babban asibiti a Sakkwato ba a daɗe ana shawara ba. Likita ya ce ƙafar ta mutu daga ƙasa, in ba a yanke ba za ta tafi da mai ita. Mode ya sa hannu yana hawaye. Kafin a shiga da shi sai wani likitan, wanda ke sa barci, ya zo ya ce dole ya duba baki, don akwai abin da za a zura ta maƙogwaro, in da haƙori mai girgiɗa yana iya faɗawa ciki. Malam ba shi da ƙarfin cewa a'a. Likitan ya haska fitila, ya danna dasashin da ɗan ƙarfe, mugunya ta fito. Bai kau da fuska ba, aikinsa ne. Ya kashe fitilar ya kira su waje.

Ya yi musu bayani a hankali, ba faɗa. Ya ce dasashin ya daɗe da ruɓewa har ya ci ƙashin da ke riƙe da haƙora. Ya ce ciwo irin wannan ba a baki yake tsayawa ba, kullum yana zuba dafi a cikin jini, jiki yana ta yaƙi da shi, shi ya sa suga ke ƙin jin magani, sugan kuma yana ƙara lalata dasashin, kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. Ya ce ba zai ce shi kaɗai ya ci ƙafar ba, amma da an wanke bakin an yi maganinsa tun da wuri, da mutumin yana iya tauna abincin kirki, da wataƙila yau ba a nan ake ba.

“Tun yaushe yake haka?” in ji likitan.

Kulu ta buɗe baki. Mode ya riga ta.

“Ai ya jima, likita. Shekaru.”

Da likitan ya koma ciki ta tsaya tana kallon ƙanen mijinta kamar yau ta fara ganinsa.

“Mode, ka sani?”

“Akwai wanda bai sani ba, Kulu? Dut majalisa an sani. Masallaci ma in munka tashi sahu, sai ka ga kowa na neman gehe.”

“Kun sani, kunka yi shiru?”

“To mi za mu ce? Ni ƙanenai na, in dibi yayana in hwaɗa mai wagga magana? Mu cewa mu ka yi ke za ki hwaɗi. Ke da ki ka kwana ɗaki guda da shi.”

Ta zauna a ƙasa a wurin, ta jingina da bango. Ba kuka ta yi ba, takaici ne ya cika ta har ya hana hawayen fita. Ashe duk dakan da take yi, da turaren, da ƙaryar sanyi, da shirun da ta yi a gaban Sista, asirin da take rufewa yana yawo a gari tun tuni, har an san yadda ake kauce masa a sahu. Ba ta ɓoye wa kowa komai ba sai mutum ɗaya, wadda ta tambaya don ta taimaka. Ta ji haushin Mode, ta ji haushin majalisa da dattawanta masu “Allah shi ƙara girma”, ta ji haushin Malam da girman kansa. Nata haushin kuwa ya fi duka, don su nesa suke, ita ce ke wanke matashin.

An yanke ƙafar a ƙasan gwiwa. Ya farfaɗo, zazzaɓin ya sauka, hankalinsa ya dawo. Bai yi kuka ba da ya ga inda zanen gado ya kwanta shafal, cewa ya yi haka Allah ya so, ya juya fuska. Bayan kwanaki likitoci suka zagayo da safe, suka faɗa masa cewa da ya ƙara ƙarfi za a kai shi ɓangaren haƙori, a cire waɗanda suka mutu a wanke sauran, in ba haka ba ɗaya ƙafar ma ba ta tsira ba. Suka faɗi dalili, a fili, kamar yadda suka faɗa wa Kulu.

Likitocin suka wuce. Sannan ya yafito Kulu da hannu. Ta matso ta durƙusa a gefen gadon.

“Kin ji abin da sunka ce?”

“Na ji, Malam.”

“Gaskiya na? Har da warin?”

Ta dubi ƙasa. Wannan karon babu labule, babu sauran abin karewa.

“Gaskiya na, Malam.”

Ta ga abin da bai same shi ba ranar da ya ga ƙafarsa ta tafi. Fuskarsa ta faɗa, ya kai hannu ya rufe bakinsa. Ta jira ya tambaye ta tun yaushe, ko ya ce me ya hana ta faɗa. Ta ma so ya yi, ko zagi ne, ta samu inda za ta sauke abin da ke ƙirjinta. Bai tambaya ba. Ta bayan tafin hannunsa ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

“To ki riƙe bakinki. Ko Mode kak ki bari shi ji. Wanda dut yat tambaya, ki ce suga na. Ƙahwa kowa na iya rasa ta, amma wagga magana in ta hita, ban iya sake zama cikin mutane.”

Kulu ta dube shi, dattijo mai furfura da guntuwar ƙafa, yana roƙonta ta tsare masa abin da duk Boyekai ta sani. Kalma ɗaya za ta faɗa ta gama da sauran abin da ya rage masa. Ta haɗiye ta.

“To, Malam.”

Da la'asar 'yan dubiya suka iso daga gida, mota guda, abokan majalisa da manyan manoma, Mode yana gaba. Suka shigo da sallama da ledojin lemo, aka yi addu'a aka shafa. Wani ya ce suga mugun ciwo ne, sauran suka ce wallahi kuwa, suka dubi Kulu, ita ma ta ce suga ne. Akwai kujera a daidai kan Malam, ta tashi ta bar musu ita. Ba wanda ya zauna a kai. Duk suka taru a ƙarshen gadon suna cunkushe da juna, har ɗaya daga cikinsu ya ɗosana a kan katifa, a wurin da yanzu ya zama fili.

Malam Abdulƙadiri ya bi su da kallo, a hankali fuskarsa ta saki, kwarjinin nan ya ɗan dawo. Ya karkato kai wajen Kulu, hannunsa har yanzu yana kan bakinsa.

“Diba yadda mutanen ga ka girmama ni,” ya ce. “Ko kusa ba su iya matsowa.”

“Na gani, Malam,” in ji Kulu.